Ganau, Jiyau da Sikeli: Abin da Fashin Jirgi ke Koya wa Ɗan Kasuwa

Babu hajar da ke saurin fita a Kasuwar Assihar kamar labari. Dabino yakan kwana, bargo yakan yi wata a rumfa, citta da lalle sai an ja ciniki kafin su tashi. Amma a ce an tare mota tsakanin Assamaka da Arlit, kafin a sha shayi na biyu labarin ya zaga Tamanrasat, kafin na uku ya isa Agadas da Maraɗi da Damagaram da Kano ta WhatsApp.

Abin da ke ba ni mamaki da mu 'yan kasuwa shi ne, ba ma karɓar buhu sai mun ɗora shi a sikeli. Ba ma sayen dabino da ganin na saman buhu, sai mun zura hannu har ƙasa. Mai sayen zinari ba ya karɓar rantsuwa a madadin gwaji. Labari kuwa haka muke haɗiye shi babu awo, alhali shi ne ya fi kowane kaya haɗari, domin labarin fashi yakan zo da sunan wani a wutsiyarsa: wane ne ya tsegunta musu, wane ne ya nuna hanya.

Maganar da nake so mu tattauna a wannan makon guda ɗaya ce. Mutum zai iya zama mai gaskiya, mai tsoron Allah, ya ga abu da idonsa, kuma ya faɗe shi ba daidai ba. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙaryata mai shaida ba, ba zai kuma hallaka wani da shaidar ba. Zan kawo misali da fashin jiragen sama, saboda su ne irin fashin da hukumomi suka bincika da kuɗi da ƙwararru, aka rubuta komai, har muna iya duba inda ido ya yi daidai da inda ya kauce.

Yamai, 1993

Wanda ya kai shekaruna ba zai manta ba. Ranar Litinin 25 ga Oktoba, 1993, jirgin kamfanin Nigeria Airways, ƙirar Airbus A310, ya tashi daga Legas zai je Abuja. Samari huɗu suka miƙe a cikinsa suka ce sun ƙwace shi da sunan wata ƙungiya da ake taƙaita sunanta da MAD. Buƙatarsu ta siyasa ce: gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan ta sauka, a mutunta zaɓen 12 ga Yuni wanda aka soke, wanda Moshood Abiola ke kan gaba a cikinsa. Sun so a kai su Frankfurt ta ƙasar Jamus, man jirgin bai kai ba, aka sauka a Yamai. Lokacin Mahamane Ousmane yana da wata shida da 'yan kwanaki a kan mulkin Nijar.

Ina yaron shago a Maraɗi a lokacin. Kwana uku muna manne da rediyo. Samarin suka saki mata da yara da mafi yawan fasinjoji, suka riƙe sauran, suka ba da wa'adin awa 72 ko su cinna wa jirgin wuta. A dare na uku jami'an tsaron Nijar suka afka cikin jirgin, suka kama su huɗun da rai. Mutum ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ya rasa ransa a wannan farmaki. Samarin sun shafe fiye da shekara tara a gidan kaso a Nijar. Shi kuwa Shonekan, ba a yi wata guda ba Janar Sani Abacha ya karɓe mulki a hannunsa, ranar 17 ga Nuwamba.

To, wannan fashi ne da aka kama masu yinsa, an san sunansu, an san fuskarsu. Duk da haka, mai karatu, je ka tara abin da aka rubuta a kansa ka gani. Adadin mutanen da ke cikin jirgin ma ba a daidaita ba: wani ya rubuta 150 da ɗoriya, wani ya kai shi kusa da 200, alhali jirgi yana da takardar sunayen fasinjoji. Sai batun makami. Wanda ke zaune a kujera, aka ɗaga masa abu a duhun tsoro, bindiga ya gani. Su kuwa samarin, cikinsu har da Richard Ogunderu wanda shekararsa 19 a lokacin, bayan sun fito sun faɗa wa 'yan jarida cewa bindigar ta wasa ce.

Wa za mu gaskata? Fasinjan ba ƙarya ya yi ba, abin da idonsa ya kai masa ya faɗa. Ɗan fashin ya fi kowa sanin abin da ke hannunsa, amma shi ma yana da riba a maganar, domin bindigar wasa tana rage nauyin laifi. Kuma yana magana ne bayan iska ta juya. A 1993 'yan fashi ake kiransu. Bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana 12 ga Yuni a matsayin ranar dimokuraɗiyya a 2018, sai ga wasu na kiransu jarumai. Abin da ya faru cikin jirgin bai canza ba, masu ba da labarin ne suka canza wurin tsayuwa. Iyalan mamacin kuwa, ko wace irin bindiga ce, nasu bai dawo ba.

Idan haka lamarin yake a inda aka kama ɓarawo, yaya zai kasance a inda ɓarawon ya ɓace?

Mutumin da ya dira cikin duhu

Ranar Laraba 24 ga Nuwamba, 1971, a birnin Portland na Amurka, wani mutum sanye da baƙar kwat ya biya dala 20 ya sayi tikitin jirgin Northwest Orient mai lamba 305 zuwa Seattle. Sunan da ya bayar shi ne Dan Cooper. Jirgin Boeing 727 ne, irin wanda ke da matakala a ƙarƙashin wutsiya. Ya zauna a layin ƙarshe. Bayan an tashi, ya miƙa wa wata ma'aikaciyar jirgi, Florence Schaffner, takarda cewa yana da bam. Ya buɗe jakar hannunsa ta ga jajayen sanduna da wayoyi da batir. Ya nemi dala 200,000 da laimar dira guda huɗu.

Aka kawo masa a Seattle. Ya saki fasinjoji 36, ya sa aka sake tashi da shi da ma'aikata huɗu, ya ce a nufi Meziko a yi ƙasa-ƙasa kuma a hankali. Ya kora kowa zuwa ɗakin matuƙa aka rufe labule. Wajen ƙarfe 8 na dare fitila ta nuna an buɗe matakalar baya. Da ƙarfe 8:13 matuƙa suka ji wutsiyar jirgin ta yi wani irin tsalle. Da suka sauka a Reno, babu shi, babu kuɗin. Hukumar FBI ta bi sawunsa shekara 45, ta duba mutum sama da 800 a cikin shekara biyar na farko kaɗai, sannan a watan Yuli na 2016 ta ce ta jingine binciken. Har yau ba a san ko wane ne ba, ba a san ko ya rayu ko ya mutu ba.

Ga abubuwan da nake so mu tsinta a cikin wannan labari.

Na farko, sunan da duniya ta san shi da shi, wato D. B. Cooper, kuskure ne. Bai taɓa kiran kansa haka ba. Wani ɗan jarida ne cikin gaggawa ya ruɗe da sunan wani mutum da 'yan sanda suka fara tambaya suka sallama, kamfanin dillancin labarai ya watsa, shi ke nan ya zauna. Fiye da shekara 50 ke nan, kuskuren dare ɗaya ya fi gaskiya suna. Magana zarar bunu ce.

Na biyu, kasancewa a wuri ba shi ne gani ba. Yawancin fasinjojin nan ba su san ana fashi ba sai da suka sauka. An ce musu wata 'yar matsala ce ta inji, jirgi ya yi ta shawagi kusan awa biyu, suna zaune suna hira. Duk wanda ke cikin jirgin zai iya rantsewa cewa yana nan, kuma ya yi gaskiya, amma ba kowa ne ya kalli mutumin da idon lura ba. Haka kuma babu wanda ya ga dirarsa. Ma'aikatan suna bayan labule, jiragen yaƙi biyu da ke biye da su ba su ga komai ba saboda duhu da hadari. Tsallen wutsiya kawai aka ji, daga shi aka lissafa inda ake zaton ya faɗa.

Na uku, akwai shaidar da ta fi wata nauyi, kuma da dalili. Mata biyu ne suka fi daɗewa kusa da shi: Schaffner, da Tina Mucklow wadda ta zauna gefensa awanni. A daren nan aka yi musu tambayoyi, kowacce a gari dabam, ba su haɗu sun daidaita baki ba. Siffar da suka bayar ta zo kusan iri ɗaya: shekara 45 ko kusa da haka, tsayi wajen mita 1.80, matsakaicin jiki. Abu uku ne suka ba wannan shaida nauyi: daɗewar kallo, saurin tambaya kafin labari ya gauraya, da raba su. Amma ko da haka, da aka zo zana fuskarsa, zanen farko bai gamsar da waɗanda suka gan shi ba, sai da aka sake wani. Ga shi kuma ya sa baƙin tabarau a mafi yawan tafiyar. Wato ido ya riƙe tsayi da shekaru, amma fuska ta sulale.

Na huɗu, kama da wane ba ta wane. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 7 ga Afrilu, 1972, wani tsohon soja mai suna Richard McCoy ya yi irin wannan fashin sak: Boeing 727, laima, dira ta matakalar baya, da dala 500,000. Kwana biyu aka kama shi. Da a rumfar mai shayi ne, an gama shari'a: ai shi ne na farkon. FBI kuwa ta cire shi daga lissafi, cikin dalilanta har da cewa shekararsa 29, siffarsa kuma ba ta dace da wadda matan nan suka bayar ba. Har yanzu akwai masu jayayya da wannan, kuma haƙƙinsu ne, amma kamannin aiki shi kaɗai ba ya zama hujja. Ɓarayi suna koyi da juna kamar yadda 'yan kasuwa ke kwaikwayon hajar da ta karɓu.

Akwai ma waɗanda suka ce su ne. Wani ya faɗa wa matarsa haka yana kan gadon mutuwa a 1995. Mu a al'adarmu maganar mai barin duniya tana da girma. Amma da aka gwada ta da sauran alamu, ba ta tsaya ba. Ikirari ma shaida ce, ita ma sai an auna.

Shaidar da ba ta da baki

Ɓarawon nan ya bar abubuwa a jirgi. Ya bar baƙin naktayi, ɗaurin wuyan nan na masu kwat. Ya bar guntayen taba guda takwas. An ɗauki zanen yatsu 66 da ba a gano masu su ba. Kuɗin kuwa, takardu 10,000 ne na dala 20, kuma kafin a miƙa masa an ɗauki hoton lambar kowace takarda.

Ranar 10 ga Fabrairu, 1980, wani yaro ɗan shekara takwas yana tona rairayi a bakin kogin Columbia sai ya ci karo da ɗauri uku na ruɓaɓɓun kuɗi, dala 5,800. Aka duba lamba, ta dace. Nan babu gardama, kuɗin fansar ne. Kun ga amfanin rubutu: abin da aka rubuta a 1971 ya yi magana bayan shekara takwas ba tare da ya manta ko ya ƙara gishiri ba. Sauran takardu 9,710 ba su taɓa bayyana ba.

Amma a lura da iyakar wannan shaida. Lambar ta tabbatar da cewa kuɗin ne, ba ta faɗi yadda suka je wurin ba. Masu cewa ya mutu suka ce ruwa ne ya kawo su. Masu cewa ya rayu suka ce binnewa ya yi. A 2020 aka fitar da wani bincike kan ƙananan halittun ruwa da suka maƙale a jikin takardun, ya nuna irin waɗanda ke yawaita da bazara ne, ba a watan Nuwamba ba, wato kuɗin sun jiƙe ne watanni bayan fashin. Sai tambaya ta ƙaru maimakon ta ragu. Naktayin ma haka: an samu ɓurɓushin ƙarafa a jikinsa irin na wasu masana'antu, an samu guntun DNA, amma FBI da kanta ta ce ba ta da tabbacin na ɓarawon ne, tunda yana iya zama aro ya yi ko gwanjo ya saya. Guntayen tabar nan kuwa, da a yau za su fi komai amfani wajen gwajin DNA, sun salwanta a hannun hukuma.

Darasin shi ne, abu mara baki ba ya ƙarya, amma kalma ɗaya tak yake faɗa. Sauran jimlar mu ne muke cikawa da son ranmu.

A nahiyarmu ma an yi makamancin haka. Ranar 25 ga Mayu, 2003, wani Boeing 727 da ya daɗe a ajiye a filin jirgin Luwanda ta Angola ya tashi ba izini, fitilu a kashe, da mutum biyu a ciki, ya nufi kan teku. A watan Yuli aka ba da labarin an gan shi a Konakiri. Da aka bincika, ba shi ba ne. Jirgi ne sukutum mai lamba a jiki, amma ido ya ruɗe da shi. Ina ga fuskar mutum mai rawani a hasken tocila?

Me ya sa mai gaskiya ke kuskure?

Masana sun gwada wannan. A 1974 wata malama a jami'ar Washington, Elizabeth Loftus, da abokin aikinta John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu aka ce lokacin da suka yi raga-raga da juna. Na farko suka kimanta mil 34 a awa, na biyu suka haura mil 40. Fim ɗaya suka kalla. Bayan mako guda aka tambayi wani rukuni ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya ɓangaren, 7 ne. Babu fasasshen gilashi ko ɗaya a fim ɗin. Kalmar mai tambaya ce ta shiga kansu ta zama abin da suka gani.

Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta tara shari'o'in mutum 375 da aka ɗaure sannan gwajin DNA ya wanke su. Kusan 69 cikin 100 nasu, akwai shaidar gani da ido da ta nuna su bisa kuskure. An kuma lura cewa idan akwai makami, ido yakan tafi kan makamin ya bar fuska. Duk wanda aka taɓa tarewa a hanya ya san wannan ba sai an faɗa masa ba: bakin bindiga kake tunawa, ba hancin mai riƙe da ita ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Malaman hadisi tun da daɗewa ba sa wadatuwa da adalcin mai ruwaya, sai sun haɗa da ƙarfin kiyayewarsa, sannan su tambayi daga wa ya ji, shi kuma daga wa. Mutumin kirki mai raunin hadda, suna girmama shi, amma ba sa gina hukunci a kan maganarsa shi kaɗai.

A kan hanyarmu

Daga Tamanrasat zuwa In Gezzam kusan kilomita 400 ne, daga Assamaka zuwa Arlit wajen 200, mafi yawa babu gari babu sabis. Idan an tare mota a can, babu FBI, babu mai ɗaukar zanen yatsu. Abin da ke akwai shi ne mu, da bakunanmu.

Shekarun baya an tare wasu motoci biyu a wannan tsakanin da dare. Mutane ne masu rawani, suka kwantar da kowa rubda ciki, suka kwashe kuɗi da wayoyi, suka tafi da mota ɗaya. Ina da kaya a ciki. Kafin waɗanda abin ya shafa su iso, labari ya riga su: yaron motar ne ya sayar da su, mutum uku sun gan shi yana magana da ɓarayin da yarensu.

Dattawanmu suka zauna, ina cikin waɗanda aka kira. Wani tsoho a cikinmu, wanda ya fi shekara 40 yana bin wannan hanya, ya ce kada a tara shaidun wuri ɗaya, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya shigo ya zauna. Tsohon ya ce masa, "Ɗana, ba na tambayarka abin da ya faru. Ina kake kwance, kuma ina fuskarka take kallo?" Ya ce, "Baba, a bayan mota nake, fuskata a ƙasa." Tsohon ya ce, "To da wane ido ka gan shi?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Baba muryarsa na ji, kuma Malam wane ya ce ya gan shi." Na biyu ma haka, a wurin Malam wane ya ji, lokacin da suke zaune cikin sanyi suna jiran gari ya waye. Shaidu uku suka koma ɗaya.

Da aka kira shi Malam wanen, mutum ne mai gaskiya, bai ƙara komai ba. Ya ce ya ga yaron a tsaye gaban ɓarayin, yana magana da Buzanci, ya kuma miƙa musu makulli. Aka tambayi direba shi kaɗai. Ya ce shi aka fara tambaya makullin, bai gane abin da suke cewa ba, suka ɗora masa bindiga a ka, yaron ne ya yi ihu ya ce yana jin yaren, ya fassara, ya ciro makullin ya ba su. Yaron a Agadas ya tashi, Buzanci a bakinsa ba abin mamaki ba ne. Abin da Malam ya gani gaskiya ne. Fassarar da aka yi wa ganin ce ta zama ƙazafi. Batun cewa ya kira su ta waya kuwa, wurin babu sabis, shi kuma ba shi da Thuraya.

Dattawa suka ce babu hujja a kansa. Amma saƙon murya ya riga ya isa garinsu. Gidan da ya kai kuɗin gaisuwa suka mayar masa da kayansa. Babu mai mota da ya yarda ya sake ɗaukarsa, kowa na cewa a dai yi hattara. Ya tattara ya bar hanyar. Ɓarayin ba a same su ba har yau. Mun yi asarar kaya, mun mayar a shekara biyu. Shi abin da ya rasa ba a sayar da shi a Assihar.

Kafin ka tura

Ga tambayoyin da nake roƙon kowane ɗan kasuwa, da ma iyayen gida da ke karɓar saƙonninmu a Maraɗi da Zariya da Sakkwato, su riƙa yi kafin su ɗauki labarin fashi su ƙara gaba.

Mai maganar ganau ne ko jiyau? Idan ya ce ganau ne, ina yake tsaye, wane haske ne a wurin, tsawon wane lokaci ya kalla? Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ba kowane gani ba. Ganin daƙiƙa biyar a hasken fitilar mota ba ɗaya yake da zaman awa biyar kusa da mutum ba.

Shaidun nan da ake ƙirgawa, kowa da idonsa ya gani, ko duk daga rijiya ɗaya suka ɗebo? Mutum goma da suka kwana wuri ɗaya suna maimaita labari, shaida ɗaya ce mai baki goma.

Me ya gani, kuma me ya fahimta? A raba su. "Ya miƙa makulli" gani ne. "Yana tare da su" fassara ce.

Yaushe ya fara faɗa, kuma labarin ya yi ƙiba tun daga lokacin? Abin da mutum ya faɗa a daren farko ya fi abin da zai faɗa bayan wata guda kusa da abin da ya gani. Saboda haka idan abu ya same ka, da zarar ka samu natsuwa ka rubuta, ko da ajami ne, ko ka naɗa a waya, kafin ka zauna da kowa: lokaci, wuri, yawan mutane, launin mota, abin da aka ɗauka. Ka riƙa ajiye lambar injin motarka da lambar jikin wayarka a gida. Ka tuna lambar kuɗi ce kaɗai ta yi magana a shari'ar Cooper.

Sannan wa zai ci riba idan aka yarda da labarin? Wanda ake bi bashi, wanda ke neman layin wani direba, wanda amanar kuɗin mutane ta salwanta a hannunsa yana neman inda zai jingina, duk suna iya zama masu gaskiya, amma a san inda suke tsaye.

Idan an yi duk wannan ba a kai ga kowa ba, to a iya haƙurin cewa ba a gano ba. Wannan shi ne mafi wuya, domin zuciyar wanda aka yi wa fashi tana son fuska da za ta ɗora wa haushi. Hukuma mai dubban ma'aikata ta yi shekara 45 tana nema, a ƙarshe ta rufe fayil ba ta kama sunan kowa ba. Ba gazawa ba ce a bar gurbi babu suna. Gazawar ita ce a cike shi da sunan marar laifi don a samu barci. Abin da ya kamata a kai wa jandarma a kai musu, da abin da aka gani tsurarsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma ranar ba ta zuwa da wuri don an kama wanda ba shi ba. Hasali ma jinkirta ta ake yi, tunda an daina neman na gaskiyar.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, ya kiyaye harsunanmu daga ɗaukar alhakin bayinsa.